Doguwar Tafiya a Jirgin Ruwa Mai Inji: Daga Gulbin Zamfara Zuwa Kwara

Mutumin Kebbe ko na Tambuwal bai cika ɗaukar kansa a matsayin mazaunin bakin hanyar ruwa ba, domin abin da ya saba gani shi ne fito, wato a haye da mutum daga wannan gaɓa zuwa waccan idan gulbi ya kawo. Amma gulbin Zamfara, wanda ya biyo ta Gummi ya ratsa ƙasar Kebbe ya nufi Jega, reshe ne na wata doguwar hanya. Yana zuba a gulbin Sakkwato, shi kuma ya gangara kudu ya faɗa kogin Kwara. Ta wannan hanya ce Sarkawa, masuntan ƙasar Kabi, suka daɗe suna fita neman kifi, wasu su gangara Yawuri har su zarce, wasu su haura wajen Gaya ta Jamhuriyar Nijar.

A da, jirgin da ake wannan tafiya da shi sassaƙe ne na gungumen itace guda, ana tura shi da gora inda ruwa bai da zurfi, a ja shi da filafili inda ya zurfafa. Gangara tana da sauƙi, dawowa ce aiki, domin sai an yi ta kokawa da ƙarfin ruwa ana raɓe da gaɓa. Zuwan injin da ake maƙalawa a bayan jirgi, irin su Yamaha, shi ya rage wannan wahala. Daga nan aka koma ƙera manyan jirage na katako da ƙusa, masu ɗaukar buhunan hatsi da albasa da busasshen kifi da babura, ga kuma fasinja. Gina madatsar Kainji, wadda aka kammala a 1968, ya ƙara sauya al'amarin: ruwa ya shanye tsohon garin Busa da duwatsun da Mungo Park ya halaka a cikinsu a 1806, aka sami tafki mai tsawon fiye da kilomita 100, garin Yelwan Yawuri kuma ya zama babbar tashar jirage a arewacinsa.

Abin da ya kamata ɗalibi ya fahimta shi ne, doguwar tafiyar ruwa lissafi ce kafin ta zama gudu. Jirgi mai nauyi ba ya tsere a saman ruwa, ture shi yake yi gefe da gefe yana wucewa. Kowane irin wannan jirgi yana da iyakar saurin da tsawonsa ya ba shi. Idan matuƙi ya matsa wa inji don ya wuce wannan iyaka, sai jirgin ya tara igiyar ruwa a gabansa, gindinsa ya nutsa, mai ya riƙa ƙonewa ninkin-ba-ninkin, saurin da aka ƙara kuwa bai taka kara ya karya ba. Wannan ƙa'ida ce ta sa masu yawon shaƙatawa a teku, a Amurka da Turai, suka kwaikwayi ƙirar jiragen kamun kifi: jirgi mai nauyi, inji mai shan dizal a hankali, tafiya wadda ba ta cika wuce kilomita 15 a awa ba, amma tankin mai guda ya kai mutum nesa ƙwarai. Su don nishaɗi suke yi, matuƙin Yawuri kuwa don neman abinci, sai dai lissafin ɗaya ne. Shi ya sa gogaggen matuƙi yakan ƙiyasta man zuwa da na dawowa daban, tunda haurawa ta fi gangara ci, ya kuma ajiye jarkar ko-ta-kwana, domin babu gidan mai a tsakiyar tafki.

Inji bai ɗauke wa matuƙi sanin ruwa ba. Kwara tana cika sau biyu a shekara a wannan yanki. Cikar farko ta ruwan daminar gida ce, wajen Agusta zuwa Oktoba, ruwa mai laka da ƙarfi, yana jan itatuwa da ciyayi masu naɗe farfelar inji. Ta biyu takan iso da sanyin hunturu: ruwan saman da ya sauka a tsaunukan Gini ne, wanda ya ɓata watanni yana ratsa fadamun ƙasar Mali kafin ya ƙaraso, ya riga ya tace. Da bazara kuwa ruwa yakan ja baya, tudun yashi ya fito, kututturan itatuwan da tafki ya binne su matso kusa da sama. Hanyar da aka bi lafiya a watan Janairu tana iya fasa jirgi a watan Mayu. Ƙananan gulabe irin na Zamfara ma ba su ɗaukar babban jirgi sai a tsakiyar damina.

Inda aka fi yin ganganci shi ne wajen lodi. Tazarar da ke tsakanin bakin jirgi da fuskar ruwa ita ce garkuwar duk wanda ke ciki, kuma kowane buhu da aka ƙara yana cin wani abu daga cikinta. Mai jirgi yana duban kuɗin mai, fasinja yana tsoron kasuwa ta watse bai isa ba, sai a taru a rufe ido. A watan Mayun 2021 wani jirgi ɗauke da mutane fiye da 150, wanda ya taso daga Jihar Neja zai je Warra a Ƙaramar Hukumar Ngaski ta Jihar Kebbi, ya tarwatse a tsakiyar ruwa, kaɗan aka ceto. A Afrilun 2022 kuma mutum 29 suka rasu a Gidan Magana ta Ƙaramar Hukumar Shagari, maƙwabciyar Tambuwal, alhali wannan gajeren fito ne kawai.

Hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin gida, NIWA, wadda aka kafa a 1997 da hedikwata a Lokoja, ta hana tafiyar dare da lodin wuce kima, ta kuma wajabta sanya rigar kariya. Sai dai mashigai suna da yawa, jami'ai kaɗan ne, saboda haka a ƙauyuka da dama maganar sarkin ruwa ko sarkin jirgi ta fi takardar hukuma tasiri. Malamin da aka tura makarantar da ke hayin gulbi zai tarar wasu ɗalibansa da jirgi suke zuwa aji kullum da damina, kuma sau da yawa shi ne babba ɗaya tilo a mashigi da safe wanda zai iya cewa a sauke yara biyar su jira sawu na biyu.