Littafin Lura da Shuke-shuke: Kayan da Yaro Yake Bukata a Gida

Ɗan'uwa manomi, da kai malamin gona, yawancin 'ya'yanmu da ke tasowa a Fatakwal, musamman a unguwanni irin su Diobu, sun san masara a kasuwa amma ba su san ta a gona ba. Hanya mai sauƙi ta koya musu ita ce a ba kowane yaro littafin da zai riƙa rubuta abin da ya gani a 'yar shukar da aka yi a bayan ɗaki ko cikin buhu. Da ma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Kayan ba su da tsada. Sayi littafin rubutu mai kwali da fensir, kada ka sayi biro, domin tawada tana watsewa idan takarda ta jiƙe. Ruwan da ake yi a Fatakwal ya wuce milimita 2,000 a shekara, fiye da ninkin na Kano, saboda haka a ajiye littafin cikin leda.

Sai rula da gwangwanin da bakinsa da gindinsa suke da faɗi ɗaya. A ajiye shi a fili, nesa da indararo. Kowace safiya yaro ya auna zurfin ruwan, ya rubuta tare da kwanan wata, sannan ya zubar don kada sauro ya hayayyafa. Milimita 1 daidai yake da lita 1 a kan murabba'in mita 1.

Tsohuwar jarida kuwa ta danne ganye ce, kamar na kuɓewa, rogo ko ugu. A riƙa sauya takardar kullum, in ba haka ba ganyen zai yi funfuna.

Kada ka ɗauki wannan wasa ne. Tsutsar nan mai cin zuciyar masara, wadda asalinta nahiyar Amurka ce, ta bayyana a Nijeriya a 2016, kuma an fi shawo kanta tun tana ƙarama. Yaron da ya saba duba ganye yana zana ramukan da ya gani zai iya riga kowa ganin ta.

Ka ware rana ɗaya a mako ka duba littafin tare da shi, ka kuma sa ya rubuta sunan kowace shuka da Hausa.