Shari'ar Shugaba Darman Da Hakkin Mutanen Bakin Iyaka

Ran 24 ga watan Janairu, 1980, watau ba a cika wata huɗu da komawar Nijeriya mulkin farar hula ba, ma'aikatan shige da fice suka je gidan Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman a Maiduguri, suka sa shi a mota, suka tsallakar da shi iyaka zuwa ƙasar Cadi. Ministan Harkokin Cikin Gida na lokacin, Alhaji Bello Maitama Yusuf, shi ya sa hannu a takardar korar, bisa hujjar wai mutumin baƙo ne.

Wanda aka kora ɗin kuwa shi ne Shugaban Masu Rinjaye a Majalisar Dokokin Jihar Barno, ɗan jam'iyyar GNPP ta Alhaji Waziri Ibrahim, alhali NPN ce ke riƙe da Gwamnatin Tarayya. Saboda haka a rana guda aka raba mutum da iyalinsa, aka kuma raba masu zaɓe da wakilin da suka jefa wa ƙuri'a. Dokar da aka yi domin baƙi, sai ga shi an sare abokin hamayya da ita.

Mutanensa ba su naɗe hannu ba. Aka shigar da ƙara a Babbar Kotun Maiduguri gaban Mai Shari'a Oye Adefila, inda Cif G.O.K. Ajayi ya tsaya masa lauya. Tsarin Mulki na 1979 ya yi magana a fili. Sashe na 23 ya ce wanda aka haifa a ƙasar nan kafin samun mulkin kai ɗan ƙasa ne, muddin ɗaya daga cikin iyayensa ko kakanninsa ya fito daga wata al'umma ta asalin Nijeriya. Sashe na 38 kuma ya hana a kori ɗan ƙasa, ko a hana shi shigowa. Kotu ta gamsu cewa ko da mahaifinsa daga wajen Cadi ya zo, mahaifiyarsa 'yar Barno ce, sai ta soke korar, ta yanka masa diyyar Naira 350,000. A 1982 Kotun Ɗaukaka Ƙara da ke Kaduna ta tabbatar da cewa ɗan Nijeriya ne.

To, amma a lura. Shugaba yana da jam'iyya, da gwamnatin jiha a bayansa, da lauya, da jaridu masu bin labarinsa kullum. Shekara uku bayan haka, ran 17 ga Janairu, 1983, Gwamnatin Tarayya ta ba baƙi marasa takardun zama mako biyu su fice. An ƙiyasta kusan mutum miliyan biyu suka tashi, wajen rabinsu 'yan Ghana, sauran daga Nijar, Cadi, Kamaru da wasu ƙasashe. Ba a tantance su ɗaya bayan ɗaya gaban alƙali ba. Waɗanda suka isa Ghana, akasari dangi da ƙauyukansu ne suka karɓe su, suka ba su masauki da gona. Ita ma Ghana ta yi irin wannan kora a watan Nuwamba, 1969, zamanin Dokta Busia, ta shafi mazauna zango da yawa, Hausawa da Yarabawa, har da waɗanda a can aka yanke musu cibiya.

A ganinmu, wanda ya fi kowa zama cikin haɗari shi ne talakan bakin iyaka: Babarbaren Gamboru ko Bahaushen Illela, wanda Turawa suka ja layi tsakanin gonarsa da gidan kawunsa. Harshensa ɗaya da na ƙetare, tufafinsa ɗaya, sau da yawa kuma ba shi da wata shaida a aljihu.

Kāriyar da ta ceci Shugaba tana nan a Tsarin Mulki na 1999, a Sashe na 25 da na 41. Akwai kuma Hukumar Ba Da Taimakon Shari'a Kyauta, wadda aka kafa a 1976 domin marasa hali, ga yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 da ta ba ɗan ƙasashen ƙungiyar izinin zaman kwana 90 ba tare da biza ba. Sai dai waɗannan duka ba su isa ƙauye sai an kai su. Aikin ya faɗa kan malamin makaranta, da mai unguwa, da ƙungiyoyin ɗalibai masu komawa gida hutu: su karanta wa jama'a abin da doka ta ce cikin harshensu, su kuma raka iyaye wurin ma'aikatan Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa a yi wa jarirai rajistar haihuwa tun suna goye.