Maɓallan da ke Ƙasan Allo

 Yau za mu leƙa teburin poker na intanet, wasan kartar nan da Amurkawa suka yaɗa a duniya. Tun farko in faɗa, caca ce, kuma ba sai na tuna wa kowa hukuncin caca a addini ba. Amma teburin nan yana iya shiga wayar duk yaron da ke da data, shi ya sa na zauna na duba yadda aka ƙera shi.

Abin da ya ja ni labarin wani akanta ne a jihar Tennessee, ɗan shekara 27, mai suna Chris Moneymaker. Sunan nan nasa ne na gado, ba laƙabi ba, kuma ma'anarsa mai ƙera kuɗi. A 2003 ya biya dala 86 ya shiga wata ƙaramar gasa a shafin PokerStars. Ya ci, ya hau ta gaba, ya sake ci, sai ga shi da kujera a babbar gasar duniya a Las Vegas, kujerar da ake biyan dala 10,000 kafin a zauna. Mutumin da ya saba da allo da linzamin kwamfuta, ranar ya fara zama gasa ido da ido. Mutum 839 suka shiga. Aka yi ta faɗuwa har ya rage shi da Sammy Farha, gogaggen ɗan wasa ɗan asalin Labanan, mai yawo da sigari a baki ba tare da ya kunna ba. Ana cikin haka Moneymaker ya tura duk abin da ke gabansa tsakiyar teburi, alhali kartar hannunsa ba ta da ƙarfi. Farha ya yi ta dubansa, ya yi ta dubansa, sannan ya ajiye kartarsa, wadda ita ce ta fi. Moneymaker ya tafi gida da dala miliyan 2.5. Da shekara ta zagayo, mutum 2,576 suka zo. A 2006 sun kai 8,773, da yawansu daga gaban kwamfuta suka taso.

To me sabon shiga yake tararwa idan ya buɗe teburin? Kujeru a zagaye, kartarsa biyu a gabansa, sai maɓallai a ƙasan allo. Wanda aka rubuta Fold, ka ajiye karta ka fita daga wannan zagaye. Check, ka wuce ba ka zuba komai ba, idan ba wanda ya zuba kafin kai. Call, ka biya daidai abin da aka zuba. Raise, ka ƙara a kai. Akwai kuma ɗan farin faifai da ke zagaya kujeru. Mutum biyu da ke hagunsa dole su zuba kuɗi tun ba su ga karta ba.

Wannan duk a rana ɗaya ake koyonsa. Inda na tsaya na daɗe shi ne sandar da ake ja da yatsa don ƙayyade yawan zubi. Ka ja ta kaɗan, kuɗi kaɗan. Yatsa ya zame ta kai ƙarshe, ka zuba duk abin da ke gabanka. Ka danna, ya tafi, ba a dawowa. A teburin gaske sai ka ƙirga da hannunka, ka tura, ka ji nauyinsa. A allo lamba ce kawai take canzawa.

Sai ƙananan akwatunan da ake sa wa alama kafin layi ya zo kanka. Ɗaya yana cewa Call Any, wato ka amince ka biya duk abin da na gabanka ya zuba, ko nawa ne, tun ba ka gani ba. Ku sake ji: tun ba ka gani ba. Wani kuma, da kuɗin gabanka sun ragu, shi zai ciro daga asusunka ya cike ba tare da ya tambaye ka ba. Ga agogo yana ƙirga daƙiƙoƙi, idan suka ƙare manhaja ta yanke maka hukunci. Ni dai ban yarda don sauƙin ɗan wasa kaɗai aka yi waɗannan ba. Kamfani yana cire la'adarsa daga kuɗin da aka tara a zagaye, saboda haka yawan zagaye ribarsa ce. Teburin gaske kan yi kamar zagaye 30 a awa. Na intanet ya ninka haka, kuma tun 2010 aka fito da salon da kana ajiye karta za a jefa ka wani teburin nan take.

Lokaci ya kama mu. A gurguje: akwai maɓallin Sit Out na tashi daga wasa, akwai wurin ƙayyade abin da mutum zai iya sakawa, sai dai shi a cikin saituna yake, sai an nema. Kuma ranar 15 ga Afrilun 2011, da hukumomin Amurka suka rufe manyan shafuka uku, masu kuɗi a ɗaya daga cikinsu, Full Tilt, sun yi shekara da shekaru suna jiran a biya su.