Wai Sanyin Bana Ya Fi Na Da?

Da hunturu ya kankama a Disamba, sai mu ji dattawan Zangon Paraku a teburin mai shayi suna rantsuwa cewa ba su taɓa ganin sanyi kamar na bana ba. Haka suka ce bara ma. Ma'aikatan Météo-Bénin kuwa ba sa rantsuwa: sukan auna sanyin asuba a filin jirgin sama, su gwada shi da matsakaicin shekara 30, daga 1991 zuwa 2020. Jugu ba ta cikin manyan tashoshi shida na ƙasar, ta Natitingu ce kusa da ita. Ƙurar daga Bodele ta ƙasar Chadi take tasowa, in ta yi kauri ta tare rana. Masu gonar kashu suka fi kowa kasa kunne, domin lokacin fure ne.