Ɗigon jini ya tona asirin darma

Tun da aka gano zinariya a Jado a 2014, samarin Adar, daga Karofane har Buza, Keita da Madawa, suka ƙara haƙar ma'adini a cikin sana'o'in cin rani. Ya kamata su da iyayensu su san abin da ya auku a maƙwabta.

A watan Maris na 2010, likitocin ƙungiyar Médecins Sans Frontières suka tarar yara na mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, cikin jahar Zamfara ta Najeriya. An zaci zazzaɓin sauro ne, aka ba da magani, mutuwa ba ta tsaya ba. Fiye da yara 400 suka rasu. Ashe darma ce. Duwatsun zinariyar da ake niƙawa a tsakar gida cike suke da ita, yara kuwa na haɗiyar ƙurar.

Da wata ƙaramar na'ura mai suna LeadCare II aka riƙa auna jinin yaran. Ana gauraya ɗigon jini da ruwan asid, a ɗiga a kan ɗan fallen awo. Na'urar ta saki lantarki kaɗan, darma ta taru ta manne wa fallen. Sai ta juya ƙarfin, darmar ta sake narkewa. Lantarkin da ya fito a lokacin shi ke faɗin yawanta. Minti 3 ke nan.

Wannan ilimi, voltametri, ya samo asali daga aikin Jaroslav Heyrovsky na birnin Prag a 1922, wanda ya kai shi ga kyautar Nobel a 1959. A shekarun 1950 Geoffrey Barker, a Harwell ta Ingila, ya ƙago salo mafi kaifi: a riƙa tura ƙarfin lantarki gaba ana komo da shi baya, sau da yawa cikin daƙiƙa guda, a auna a ƙarshen kowane bugu, a ɗebe wannan daga wancan. Kamar sheƙe hatsi ne: ƙaiƙayi ya tafi, tsaba ta zauna. Da salon nan masana ke gano guba 'yar mitsitsiya a ruwan rijiya ko a abinci, kuma su auna saurin musayar lantarki tsakanin ƙarfe da ruwa. 'Yan kasuwa su lura, kwallin dutse ma darma gare shi.

Na'urar Zamfara ba ta wuce mikrogram 65 a desilita. Jinin yara da yawa ya zarce haka, sai da aka tsarma shi kafin a iya karanta adadin.