Randar Ladi Kwali Da Kwanon Kanti

Duk wanda ya shiga gidaje a unguwar Tudun Wada ta Minna, da wuya ya rasa ganin abu biyu. A ɗakin uwargida ga kwanuka da tangaran an jera, a gindin inuwa kuma ga randa da moɗa a bakinta. Kwanukan inji ne ya buga su dubu-dubu, randar kuwa hannun mace ɗaya ne ya gina ta. Tsakanin waɗannan biyu akwai gardamar da aka fi shekara ɗari da hamsin ana yi a duniya, kuma Jihar Neja tana da babban kaso a cikinta.

Asalin maganar daga Ingila ne. Cikin 1769 wani mutum mai suna James Watt ya yi rajistar injin tururi da ya gyara, a shekarar nan kuma Josiah Wedgwood ya buɗe babbar masana'antar tangaran inda aka rarraba aiki, wani ya kwaɓa ƙasa, wani ya zuba a mazubi, wani ya yi zane. Cikin 1825 jirgin ƙasa ya fara jan kaya da mutane. Kaya suka yi araha, amma masu sana'ar hannu da yawa suka rasa abin yi, suka koma leburori.

Wannan ne ya sa wasu masu fasaha suka ta da ƙayar baya. Babbansu William Morris ya kafa kamfaninsa cikin 1861, ra'ayinsa kuwa shi ne kayan amfanin gida su zama masu kyau, wanda ya yi su kuma ya ji daɗin aikinsa. Daga baya a Jamus, cikin 1919, aka buɗe makarantar Bauhaus, wadda ta karkata ga cewa inji ya riga ya zo, sai dai a tsara masa abu mai kyau marar tarkace ya buga.

Mu nan, ta kan dogo inji ya iso. An gama hanyar jirgi daga Baro zuwa Kano cikin 1911, aka haɗa ta da ta Ikko a Minna, garin ya zama mahaɗa, 'yan reluwe da fatake suka cika shi. Jirgin da ya kwashi gyaɗa da auduga zuwa kudu, shi ne ya komo da langa da tasa da fanteka, da farko na Turai, daga baya na Hankon, kafin a kafa masana'antunsu a Ikko da Kano. Kwano ba ya fashewa, ga ƙyalli, nan da nan ya ture ƙwarya da kasko daga ɗakin amarya.

Ana cikin haka, cikin 1950, Gwamnati ta ɗauko wani Bature maginin tukwane, Michael Cardew, don ya duba yadda za a kyautata sana'ar. Shi almajirin Bernard Leach ne, watau yana cikin masu bin sawun Morris na fifita aikin hannu. Da ya zaga ƙasa sai ya zaɓi garin Abuja na da, wanda yanzu ake kira Suleja, saboda akwai yumɓu da itace da ruwa, aka kafa makarantar ginin tukwane a can cikin 1951. A fadar Sarkin Abuja Sulaimanu Barau ya ga waɗansu randuna da suka ba shi mamaki. Da ya tambaya, aka ce aikin wata mata ce daga Kwali, sunanta Ladi.

An haifi Ladi wajen 1925 a ƙasar Gwari, inda ginin tukwane sana'ar mata ce, a wajen danginta kuma ta koya. Ba ta bukatar inji. Takan murza yumɓu kamar igiya, ta riƙa ɗora shi hawa-hawa tana zagaya tukunyar da ƙafa har ta tashi daidai wa daida, sannan ta tsaga mata zanen kadangare da kunama da kifi da kada da hawainiya. Cikin 1954 ta shiga makarantar, ita ce mace ta fari. Ta koyi gini a kan faifai mai juyawa, da shafa wa tukunya ruwan ƙyalli irin na tangaran, da toyawa a rufaffiyar matoya mai zafin da ya wuce digiri 1,200. Amma manyan randunanta da hannu ta ci gaba da gina su kamar yadda ta gada.

An nuna aikinta a Landan cikin 1958 da 1959 da 1962, ta zaga Amurka cikin 1972 tana gini a gaban jama'a. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa cikin 1977, ga shi kuwa ba ta yi karatun boko ba. A Minna ta rasu ran 12 ga Agusta, 1984.

Sai dai akwai abin lura. Randar gargajiya tana sanyaya ruwa ne saboda jikinta yana tsatsafo, iska ta busar da gumin ta tafi da zafi. Da aka shafe ta da ƙyalli aka toya ta da zafi mai tsanani, sai ƙofofin nan suka toshe, ta ƙara nauyi da tsada, ta daina sanyaya ruwa. Ta tashi daga tsakar gida ta koma ɗakin nuni. Makarantar da aka kafa don yi wa mutanen ƙasa kwanukan cin abinci, galibin masu sayen kayanta Turawa ne da manyan ma'aikata. Abin da ya sami Morris ke nan tun farko: ya so talaka, amma mai kuɗi ne ya iya sayen kayansa.

Yau roba ta zo ta yi wa kwano abin da kwano ya yi wa ƙwarya. Duk da haka, ran da wuta ta ɗauke cikin bazarar Minna, firji yakan zama akwati, kowa ya nufi randa. Matan ƙauyukan Gwari da ke gina ta har yanzu suna kai wa kasuwa, sai dai sana'ar da ba ta ciyar da mai ita, 'ya'ya ba su gadonta.

'Yan'uwa mazauna Agege da Sabon Badun da Fatakwal, in takardar Naira 20 ta shigo hannu, a juya bayanta. Matar da ke sunkuye kan tukunya, wadda aka sa hotonta tun 2007, ita ce Ladi Kwali. In kuma an je gida ganin dangi ana haɗa kayan ɗakin 'ya, a sa randa cikin lissafi, a kuma saye ta ba tare da an karya wa mai ita farashi ba.