Bambancin likitoci da tsawon jira a sashen gaggawa: abin da kwaikwayon lissafi ke nunawa

1. Gabatarwa

Masu nazarin tafiyar da asibiti kan kwaikwayi sashen gaggawa a cikin na'ura mai ƙwaƙwalwa, su zuba masa majinyata na ƙage, su auna tsawon jiransu. Tushen aikin shi ne lissafin layin jira da A. K. Erlang ya soma a Danmark a 1909 a kan wayar tarho. Galibi akan ɗauki likitoci duka ɗaya, a ba kowa matsakaicin lokaci guda na duba majinyaci. Muna son mu nuna cewa wannan sauƙaƙawa tana rage jira a takarda kawai.

2. Misali

Mu ƙaddara majinyata 5 ke zuwa a awa, ba bisa tsari ba, likita guda ke kan aiki, lokacin dubawa kuma yana hawa yana sauka. A mafi sauƙin tsari, idan a shi ne kason lokacin da likita ke cikin aiki, jira yana daidai da a/(1 − a) sau lokacin dubawa. Likita mai minti 10 yana da a = 5/6, jira minti 50.

Yanzu mu sa likitoci biyu masu karɓa-karɓa, ɗaya mai minti 9, ɗaya mai minti 11. Matsakaicinsu minti 10 ne har yanzu. Amma a hannun na farko jira minti 27 ne, a hannun na biyu minti 121. Matsakaici ya koma 74.

3. Dalili

Jira ba ya ƙaruwa daidai wa daida: da zarar a ya kusanci 1 sai ya yi tsalle. Saurin wani ba ya biyan jinkirin wani. Idan masu zuwa suka ƙaru da kashi 10 cikin 100, kamar yadda cunkoso ke ƙaruwa a asibitocinmu lokacin zazzaɓin cizon sauro na damina, a na likita na biyu ya wuce 1, layi ya yi ta tsawo har a canje shi. Wanda ya karɓe shi ya gaji ragowar. Wannan gado ne lissafin hannu ba ya kamawa, sai kwaikwayo.

4. Kammalawa

Muna ba ɗalibai shawara su auna lokacin kowane likita daban, su kuma rubuta yawan gwaje-gwajen da yake nema da majinyatan da ke dawowa. Sauri kaɗai ba ya nuna ƙwarewa: mai jinkiri kan zama wanda ake tura wa masu ciwo mai tsanani.